Yadda za ka ƙara gudun taifin ka daina kallon kibod

Na jima ina koya wa yara kwamfuta a shago, kuma kusan duk wanda ya zo da yatsu biyu yake zuwa, kai a sunkuye yana caccakar kibod kamar kaza na tsintar tsaba, sai ya gama layi uku ya ɗago ya ga ashe Caps Lock a kunne take tun farko.

Fara da auna kanka. Shiga shafin intanet na gwajin taifin, Monkeytype ko 10FastFingers, kyauta ne kuma ba sa cin data sosai. Lambar da za su ba ka ita ce WPM, wato kalma nawa a minti ɗaya, amma fa a wajensu duk bugu 5 kalma ɗaya ce, har da sifes. In ka buga 600 a minti 3, ka raba da 5 ya ba ka 120, ka sake rabawa da 3, gudunka 40 ke nan. Kar ka yi gwajin sakan 15, yaudarar kai ce kawai, yi na minti ɗaya aƙalla sau uku ka ɗauki na tsakiya ka rubuta a takarda da kwanan wata.

Sai zaman yatsu. Shafa F da J za ka ji ɗan tudu, nan manuniya biyu za su zauna, yatsun hagu huɗu a kan A S D F, na dama a kan J K L da na gefensa, babban yatsa aikinsa sifes ne kawai. In laftop ɗinka irin ta Faransa ce mai AZERTY kamar yadda aka fi samu a Nijar, layin ya zama Q S D F da J K L M, to ka saita shafin ya dace da ita kafin ka fara.

Yanzu ga inda kowa ke faɗuwa. Samo tawul ko hankici babba ka rufe hannunka ruf, ido a kan sikirin. Ranar farko gudunka zai zube, ni da yatsu biyu ina yin 30 da wani abu, da na rufe hannu na koma 12, ga kwastoma tsaye a kaina yana jiran furojet ɗinsa, wallahi na yaye tawul ɗin na koma tsohon hali, haka na ɓata wata guda a banza. Yawanci a kwana na huɗu ko na biyar yara ke cewa malam wannan hanyar ba ta yi, ta da ta fi sauri. Eh ta fi, amma yatsu biyu akwai inda suke tsayawa ba sa wucewa. Don haka kar ka fara a satin da kake da aikin gaggawa. In ka manta inda harafi yake kar ka leƙa, mayar da yatsu kan F da J ka laluba, in ya ƙi duba hoton kibod da ke kan sikirin. Ƙaramin yatsa zai yi ta gardama wajen P da Q da Shift, har ciwo yake, kar ka bari na kusa da shi ya karɓe masa aiki. Shafin koyon taifin na Keybr na fi so a wannan matakin don kaɗan-kaɗan yake sako haruffa, ba ya ƙara sabo sai ka iya na baya. In babu data nemi tsohuwar manhajar koyon taifin ta Mavis Beacon a sa maka.

Dokata ita ce in daidaitonka bai kai kashi 95 cikin 100 ba, ba ka da izinin ƙara gudu. Kuskure ɗaya bugu uku ne, na kuskuren, da Backspace, da na gyara. Rage gudu har sai ka ji kamar wasa kake.

Minti 15 kullum ya fi awa uku ranar Lahadi. Kar ka sayi kibod mai tsada mai fitilu, na tebur ɗin nan mai araha ya isa. Lambobi da alamomi bar su sai gudunka ya wuce 30. Masu rubuta Hausa kuma ku sa kibod ɗin Hausa na Windows ko na manhajar Keyman saboda ƙ da ɗ da ɓ, ku riƙa kwafar labarin jarida kuna kallon agogo, ku sake gwaji duk Juma'a ku rubuta a ƙasan lambar farko.