Daga lauya zuwa kujerar alƙali: hanyar da 'yar Damagaram za ta bi

Kano na kusa, shi ya sa da yawa ke zaton tsarinmu irin na Najeriya ne, inda sai lauya ya shekara 10 yana aiki kafin a ba shi kujerar babbar kotu. A Nijar ba haka ba ne. Lauyanci hanya daban, alƙalanci hanya daban, ko da yake tushensu ɗaya.

Bayan kin samu bak, wato takardar kammala sakandare, ki shiga sashen shari'a a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai ko Jami'ar Djibo Hamani ta Tawa. Lisans shekara 3, master shekara 2. Kada ki tsaya a lisans. Ki kuma gyara Faransancinki na rubutu tun a shekarar farko, don da shi ake rubuta hukunci, kuma nan ne masu ƙoƙari da yawa ke faɗuwa.

Mai son lauyanci sai ta ci jarrabawar CAPA, wato ta samun shaidar cancantar aikin lauya, ta yi rantsuwa, ta shekara 3 tana koyon aiki a ofishin babban lauya, bisa dokar 2014 ta UEMOA, ƙungiyar tattalin arziki da kuɗi ta Afirka ta Yamma.

In daga baya kujerar alƙali ta ja hankalinki, ƙofar da aka fi sani ita ce konkur, wato jarrabawar gasar shiga, na makarantar horar da ma'aikatan shari'a, EFJN, a Yamai. Akwai iyakar shekaru, don haka ki duba sanarwar tun da wuri. Ba a kuma haɗa aikin biyu: sai kin bar ƙungiyar lauyoyi.

Takardu su ne masu kayar da mutane. Takardar haihuwa ta ce Hadiza, ta bak ta ce Hadizatou, sai a maido miki da dosiye. Ki gyara wannan a kotu da wuri. Takardar shaidar rashin laifi kuwa wata 3 take yi, kada ki karɓe ta kafin a buɗe konkur.

Bayan horo ba ke ke zaɓen gari ba, ana iya tura ki Gure ko Difa. Ki yi wannan magana da maigida ko iyaye tun kafin ki sa hannu. A shari'ar gado, aure da gona za ki zauna da masu ba da shawara kan al'ada, to ki san fiƙihun Malikiyya.

Mata sun kai ƙololuwa a wannan aiki: Salifou Fatimata Bazeye ce ke shugabantar Kotun Tsarin Mulki da ta ƙi amincewa da tazarcen shugaban ƙasa Tandja a 2009.