Haɗin ƙasar shuka a buhu, ga masu ƙaramin tsakar gida

Salamu alaikum 'yan uwa. Hajiya ta yi tambaya jiya kan tumatirinta da ke yin rawaya a bokiti, shi ne na ce bari in faɗi yadda nake haɗa tawa ƙasar a nan unguwar Aboabo da ke Kumasi.

Jar ƙasar Kumasi tana da yumɓu, in aka zuba ta zalla a buhu sai ta riƙe ruwa, saiwa ta ruɓe. Ni kwano biyu na baƙar ƙasa nake ɗiba, kwano ɗaya na kashin kaji, ɗaya na ƙaiƙayin shinkafa, sai ɗan garin gawayi na ƙasan buhu wanda masu sayarwa kan zubar.

Kashin kajin nan ne inda mutane ke kuskure. Ɗanye yana ƙona shuka. A tara shi a inuwa, a yayyafa ruwa, a riƙa juyawa duk mako har wata biyu zuwa uku, sai warin ya tafi ya yi baƙi yana marmashewa a hannu. Na taɓa yin gaggawa, barkonona goma sha biyu suka bushe cikin kwana huɗu, maigida har yau yana min tsiya.

Garin katako na Sokoban, unguwar masu aikin katako a Kumasi, ma haka, sabo yana janye abincin shuka, sai ya ruɓe tukuna. Toka kuwa tafin hannu ɗaya ya ishi buhu.

Hajiya, huda ƙasan bokitin nan kamar wuri shida, ki ɗora shi kan bulo kafin ruwan Yuni ya sauko.