Yadda za ka sabunta Android ɗin wayarka

Da farko duba wace iri aka turo maka, don manhaja hawa-hawa take fitowa. Alfa tana hannun masu haɗa ta, cike da kurakurai. Beta kamar ɗanɗano ce, ana ba masu son gwaji. Sai wadda ta nuna, ta kowa da kowa. Ita za ka jira, musamman in da wayar kake karɓar kuɗin ciniki. Ni da na yi gaggawar sa beta, manhajar bankina ta ƙi buɗewa, ga mai saye tsaye a gabana a Tsohuwar Kasuwa.

Sai ka kwafe hotuna da lambobinka zuwa Google ko kwamfuta.

Caji ya wuce kashi 50. In ba wuta, kai wa mai caji tukuna. Kuma ka bari sai bayan isha'i, don zafin Sakkwato da rana kaɗai ya isa ya gasa waya.

Shiga Settings, ka gangara System, ka taɓa Software update. Tanadi data sosai, wani lokaci abin yakan haura gigabait 1.

Wayar za ta mutu ta tashi da kanta. Kada ka danna komai har ta gama.