Yadda za ka zaga Teruel ka gane yaƙin da aka gwabza a cikinsa

Duk wanda tarihin yaƙin basasar Sifaniya ya ja shi zuwa Teruel, shawarata gare shi ita ce ya je a Disamba ko Janairu. Masu kai baƙi za su ce Yuli ya fi daɗi, kuma gaskiyarsu, amma wanda ya ga garin nan da rana tsaka cikin riga shara-shara ba zai gane abin da ya faru a ƙarshen 1937 ba. Garin yana kan tudu mai tsayin mita 915 daga teku, a kudancin yankin Aragon. Mutanensa kimanin 36,000 ne, kuma babu hedikwatar lardi a faɗin ƙasar da ta kai shi ƙanƙanta. Ruwan sama kaɗan yake samu, iskarsa busasshiya ce, sanyinsa kuwa ya yi suna: a Calamocha, cikin lardin, an taɓa auna digiri 30 ƙasa da sifili a Disambar 1963. Ka sa sutura hawa-hawa wadda za ka riƙa ragewa, don tsakanin asuba da azahar ana iya samun ratar digiri 20. Kada ka manta safar hannu da takalmi mai kauri.

Babu layin dogo kai tsaye daga Madrid, sai ka biyo ta Zaragoza ko Valencia. Ko ta wace hanya ka zo, ka fara zagayen daga tashar jirgin ƙasa, can ƙasa a bakin kogin Turia. Dalilina shi ne daga nan kake kallon garin yadda maharansa suka kalle shi: gini bisa gini a saman kanka, kai kuwa kana fili. Hau dogon matakalar jan bulo da aka gina a 1920 zuwa 1921, ka fito dandalin Óvalo, sannan ka juya baya. Tudun nan mai shimfiɗaɗɗen kai da ke ƙetaren kogi shi ne La Muela. Ka daɗe kana kallonsa. Wanda ya riƙe shi, igwarsa na iya kaiwa kowane lungu na garin, shi ya sa aka yi ta karɓe shi hannu zuwa hannu.

A nan ya kamata ka jera kwanakin a kanka. Teruel ya faɗa hannun masu tawayen Janar Franco tun Yulin 1936, ya zama wani ɗan tsinin ƙasa da ya kutsa cikin yankin gwamnatin Jamhuriya. Janar Vicente Rojo, babban hafsan sojojin Jamhuriya, ya samu labarin Franco na shirin sake afka wa Madrid, sai ya yanke shawarar riga shi. Ranar 15 ga Disamba 1937, ana zubar dusar ƙanƙara, dakarun Jamhuriya fiye da 70,000 suka taso ba tare da sun fara ruwan igwa ba, kafin dare sun yi wa garin ƙawanya. Dabarar ta ci, domin Franco ya ajiye maganar Madrid ya juyo nan. Ranar 29 ga wata rundunarsa ta kawo ɗauki, ranar 31 ta hau La Muela, tana hango 'yan uwanta da aka tsare a cikin gari. Sai guguwar dusar ƙanƙara ta sauko ta yi kwana 4, sanyi ya kai digiri 18 ƙasa da sifili. Injinan motoci suka daskare, jiragen sama suka kasa tashi, sojoji na mutuwa a ramukansu ba tare da harsashi ya taɓa su ba. Likitocin ɓangarorin biyu suka koma yanke yatsu da ƙafafun da sanyi ya kashe. Idan a lokacin da kake tsaye a Óvalo kunnenka ya fara zogi bayan 'yan mintoci, to ka tuna da yawa daga cikinsu takalmin yadi ne a ƙafarsu.

Daga nan shiga gari ta ƙarƙashin hasumiyar El Salvador, wadda titi ya ratsa ta cikinta. Ana hawanta, kuma ka hau. Wannan fuskar Teruel ce da nake ganin masu neman labarin yaƙi suna wucewa da gaggawa, alhali ita ce asalin garin. Sarki Alfonso na Biyu na Aragon ya kafa shi a 1171 a matsayin sansanin kan iyaka da daular Musulmi ta Valencia. Musulmin da suka zauna ƙarƙashin mulkin Kirista, waɗanda ake kira Mudéjar, su ne maginan da suka ɗora hasumiyoyin cocinan nan da bulo da tangaran kore da fari, kuma tsarin cikin El Salvador da San Martín irin na hasumiyar masallatan Muwahhidun ne, wato daular Musulmi da ta mulki Maroko da Andalus: hasumiya cikin hasumiya, matakala a tsakani. UNESCO ta sa su cikin kayan tarihin duniya a 1986. Jikokin maginan kuwa tilasta musu barin addini aka yi, daga bisani a 1610 aka kore su daga Aragon baki ɗaya.

Dandalin Torico da ɗan ƙaramin gunkin bijiminsa ba zai ci maka lokaci ba. Wuce zuwa hasumiyar San Martín, ka tsaya gaban makarantar horar da limaman coci da ke gefenta. Ginin da kake gani na bayan yaƙi ne. A tsohon ne, da gidan gwamnan lardi, da bankin ƙasa, da gidan 'yan zuhudu na Santa Clara, mutanen Kanar Domingo Rey d'Harcourt, kwamandan dakarun Franco a garin, suka maƙale tare da fararen hula, mata da yara a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa, ba ruwa ba magani. Maharan suka riƙa haƙa rami ƙarƙashin gine-ginen suna tayar da nakiya. Ranar 8 ga Janairu 1938 kanar ɗin ya miƙa wuya, Teruel ya zama hedikwatar lardi guda tilo da Jamhuriya ta taɓa ƙwacewa a duk tsawon yaƙin. Nasa mutanen suka kira shi matsoraci, wanda a ganina zalunci ne daga bakin waɗanda ba su kwana a ramin ba. Ka nemo hotunan da Robert Capa, mai ɗaukar hoton yaƙi, ya ɗauka a garin tun kafin ka taso, ka riƙa gwada su da titin da kake kai. Za ka koyi bambance tsohon bango da wanda gwamnatin Franco ta sake ginawa.

Nasarar ba ta yi nisa ba. A farkon Fabrairu rundunar Franco, har da sojojin Maroko da mahaya dawakai, ta fasa layin Jamhuriya a kwarin Alfambra, arewa da garin, ranar 22 ga wata kuma ta sake shiga Teruel. Jamhuriya ta ƙarar da ƙarfinta a nan, shi ya sa ranar 15 ga Afrilu Franco ya isa bakin teku a Vinaròs ya raba ƙasarta gida biyu.

Kada ka bar garin da gawarwakin ɓangare ɗaya kawai a kanka. Rey d'Harcourt da Bishop Anselmo Polanco na Teruel, da aka kama tare, sojojin Jamhuriya ne suka harbe su kusa da iyakar Faransa a Fabrairun 1939. Wannan labarin an daɗe ana ba da shi a coci. Ɗayan kuwa shekara kusan 40 ba a iya faɗinsa a fili, kuma sai ka ɗauki tasi zuwa Caudé, 'yan kilomita kan hanyar Zaragoza, kafin ka gan shi. Akwai wata tsohuwar rijiya a wurin wadda masu tawaye suka riƙa jefa gawarwakin waɗanda suka harbe tun 1936, ana ƙiyasin sun haura 1,000. Iyalansu na taruwa a can duk ranar 1 ga Mayu.

Idan kana da sauran kwana, akwai ramukan yaƙi da aka gyara a tsaunukan Sarrión, kan hanyar Valencia. Ka tsaya kan turbar da aka yi wa alama. Har yau manoma da masu yawon daji a lardin suna tsintar gurneti da harsashin igwa da ba su fashe ba, saboda haka duk wani tsatsattsen ƙarfe da ka gani a ƙasa, kada ka taɓa shi. Ka lura da wurin, ka ja da baya, ka kira 112, lambar agajin gaggawa.