Yadda na gyara ifoksin da ya ƙi bushewa a kan tebur

Wani tebur na zuba wa ifoksi, wato ruwan gam mai ƙyalli da sai an haɗa shi da ruwan daskarewa kafin ya yi tauri, a shagona a Garwa, kwana uku yana danƙo kamar zuma, ka taɓa da yatsa ya bar shaida. Laifina ne. Na auna da ido, har na ƙara ruwan daskarewar, wanda aka rubuta durcisseur a jikin gwangwaninsa, ina zaton hakan zai sa ya yi sauri.

Ashe ba haka yake ba. Ruwan biyu haɗuwa suke yi ƙwaya da ƙwaya, duk wanda ya yi yawa sai ya rasa abokin kamawa, ya zauna da laushi har abada. Nawa kashi 2 ne na ifoksin da kashi 1 na ruwan daskarewar, kamar yadda takardarsa ta ce.

Na kankare danƙon da wuƙar fenti, na goge da asiton, ruwan da ke narkar da danƙon, na bi da sanfefa. Sannan na auna da kofi mai layi, na juya minti 3 ina kankare gefe da gindin kofin. Kaɗan-kaɗan na riƙa haɗawa ina sake zubawa a kan teburin bayan sallar asuba, don zafin watan Afrilu yana sa mai yawa ya ɗau zafi ya daskare tun a cikin kofi.

Washegari na danna farce, ko alama babu.