Kurakuran da ke kashe ayyukan tallafin yaƙi da talauci a ƙauyukanmu, da yadda za a gyara

Jama'a, a watan Nuwamba 2022 hukumar ƙididdiga ta ƙasa NBS ta fitar da rahoto cewa mutum miliyan 133 a Najeriya suna cikin talauci, ba na rashin kuɗi kaɗai ba, har da rashin ruwan sha mai tsafta da asibiti da makaranta, kuma miliyan 86 daga ciki a Arewa suke. Ba kuma don ba a kawo ɗauki ba ne. Shirin Fadama na tallafa wa manoma tun shekarun 1990 ake yinsa da kuɗin Bankin Duniya, an yi na ɗaya an yi na biyu an yi na uku, ga NG-CARES, shirin farfaɗo da jama'a bayan annobar korona, na dala miliyan 750, ga ACReSAL, shirin gyaran ƙasar noma da ta lalace, na dala miliyan 700 na jihohin Arewa 19 da Abuja, kuma waɗannan biyun bashi ne fa ba kyauta ba, mu da 'ya'yanmu za mu biya. Toh me ya sa in ka shiga ƙauyukan Bassa ko Riyom ko Mangu a jihar Filato sai ka tarar allon aikin yana tsaye da fentinsa amma aikin ya daɗe da mutuwa? Abin da nake gani a nan Filato shi ne ana shirya aiki ne don ranar buɗewa, ba a shirya shi don ranar da masu kuɗin za su tattara su tafi ba.

Tun daga tushe ake fara kuskuren. A zauna a ɗakin taron otal a Abuja a yanke abin da mutanen ƙauye suke buƙata, in an zo ƙauyen kuma a gaisa da dagaci da kansila, a ɗau hoto, shi ke nan wai an tuntuɓi al'umma. Ƙasar Norway ta taɓa gina masana'antar daskarar da kifi a bakin tafkin Turkana a Kenya don mutanen da asalinsu makiyaya ne, a wuri mai zafi da ba wadatar wuta, ba ta je ko'ina ba aka rufe ta. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Gyaran ba wuya, a je a wuni a garin, a zauna da mata daban don ba za su yi magana gaban manya maza ba, matasa ma daban, kuma a samu mai fassara, domin duk da Hausa ce ke haɗa mu a Filato tsohuwa ta fi sakin baki da Birom ko Mwaghavul ko Fulatanci. A bar su su jera buƙatunsu su zaɓi ta farko da kansu, su kuma saka wani abu nasu ko da yashi da dutse da ƙarfin jiki ne. Wanda ya ɗebo yashi da kansa ba ya zuba ido abin ya lalace.

Wanda ya fi ci min rai shi ne na rijiyar burtsatse. A kashe miliyoyi a haƙa, a saka sola da tanki, ruwa ya zo mata su yi guɗa. Bayan wata takwas ko shekara famfon ya tsaya. In na tuƙa-tuƙa ne sau da yawa ɗan robar da ke jawo ruwa a ƙasan bututu ne ya cinye, abin da bai kai kuɗin akuya ba, amma ba wanda ya san yadda ake ciro sandunan, ba sifana, ɗan kwangilar ya karɓi kuɗinsa lambarsa ma ba ta shiga. Sai ka ga yara sun ɗau jarkoki sun koma tsohon ramin kuza, ruwan da shanu ke sha a ciki kuma yake cinye yara da damina. Ba mu kaɗai ba ne, a 2006 an yi ta yayata famfon PlayPump a kudancin Afirka, wanda wai yara za su riƙa lilo ruwa na hawa tanki, ƙarshe mata ne suka koma tura shi da hannu, in ya lalace kuma a yi watanni ana jiran mai gyara. Don Allah kafin a fara haƙa a tsayar da kwamitin ruwa, a sa mace ta riƙe kuɗin, a amince kan abin da kowane gida zai riƙa bayarwa a wata ko a jarka, a koya wa mutum biyu 'yan garin gyara a bar musu kayan aiki a hannu. Kuma a saka irin famfon da ake samun kayan gyaransa a cikin Jos, ba wanda sai an yi oda daga Legas ko waje ba. A sanar da hukumar ruwan karkara ta jiha ita ma, ta san da zaman rijiyar.

Sai maganar sunaye. Da zarar an ce wa mutum ɗaya ya kawo sunayen mabuƙata an gama kashe aikin, don 'yan gidansu da 'yan jam'iyyarsa zai rubuto, bazawarar da ke riƙe da marayu huɗu ba ta ma ji labari ba. A tara gari, su faɗi da bakinsu wane ne talaka a wajensu, a karanta sunayen a fili a manna a bango a ba da kwanaki don ƙorafi. A Filato kuma akwai ƙarin hattara, tun rikicin 2001 unguwannin Jos suka rabu, bayan kashe-kashen da aka yi a Mangu da Bokkos a 2023 zukata ba su gama hucewa ba, in ka raba kaya a ɓangare ɗaya ka tsallake ɗaya ko da ba da niyya ba ka ƙara wa wuta itace. Kar kuma a manta da gidajen da suka sauki 'yan gudun hijira, su ma rumbunsu ya ƙare.

Lokaci ma ana wasa da shi. Takin da ya iso a watan Agusta bayan an shuka dankalin turawa tun Afrilu ko Mayu, manomi sayar da shi zai yi, kuma ba laifinsa ba ne. A tsara sayen kaya da kalandar gona, ba da ta ofis ba. Kasafin da aka rubuta kafin cire tallafin mai a Mayun 2023 kuwa sai an sake zama a kansa, don farashin kaya ya tashi.

Akwai kuma na keken ɗinki. Mata talatin a unguwa ɗaya a ba kowacce keke bayan bitar sati biyu, wa zai ɗinka wa wa? Kafin salla rabin kekunan suna kasuwa. Haka a noma, a koya wa mutane ninka tumatir amma ba wanda ya yi tunanin mota ko wurin ajiya, duk su kwaso rana ɗaya su kawo kasuwar Farin Gada ta Jos dillali ya saya yadda ya ga dama. Tsarin da ƙungiyar BRAC ta Bangladesh ta fito da shi ya fi kama hankali, a ba mutum jari kamar awaki ko kayan sana'ar da ya zaɓa, a haɗa masa da ɗan kuɗin abinci na wasu watanni don kar yunwa ta sa ya sayar da jarin, a sa shi ajiya, sannan a riƙa leƙo shi a kai a kai. An gwada shi a ƙasashe shida har da Ghana da Habasha, sakamakon da ya fito a 2015 ya nuna ya yi aiki a yawancinsu, inda ya gaza shi ne Honduras saboda cuta ta kashe kajin da aka raba. Mu da muke da cibiyar binciken lafiyar dabbobi a Vom da ke haɗa rigakafin cutar kaji, wallahi ba mu da hujjar raba kaji dab da hunturu ba tare da rigakafi ba. Kuma a daina tsoron ba talaka kuɗi a hannu, binciken da aka yi a ƙasashe da dama ya nuna ba a giya da taba yake kashewa ba, abinci da makaranta da ƙaramin jari ne.

Rahoton da ake aikawa sama shi ma yana da matsala. An horar da mutum ɗari biyar, ga hoto ga takardar sa hannu, alhali da yawa don kuɗin mota suka zo kuma su ne dai za ka gani a kowace bita. A koma bayan shekara a duba, nawa ne ke sana'ar har yanzu, yara nawa ke makaranta, ruwan yana zuwa? A ware kuɗin komawar tun a kasafi, in abu bai yi ba a rubuta bai yi ba.

Dogaro da mai ba da tallafi ɗaya kuwa kowa ya ga ƙarshensa a Janairun 2025 da gwamnatin Amurka ta dakatar da kuɗin hukumarta ta ba da agaji USAID, ma'aikata suka koma gida ayyuka suka tsaya cak a tsakiya. Tun ranar farko a rubuta a takarda wa zai karɓi aikin in an tafi, ƙaramar hukuma ce ko coci ko masallaci ko ƙungiyar gari, da me za su biya mai gadi da mai gyara. Ƙungiyoyin adashe da ajiya na mata a ƙarfafa su tun kuɗin na nan, a buɗe musu asusu da sa hannun mutum uku, a shekarar ƙarshe kuma a bar kwamitin gari ya tafiyar da komai da kansa ma'aikatan ƙungiya suna gefe suna duba littafin kuɗi kawai.