Yadda za ki kare fentin ruwa a jikin ƙwarya da katako ta amfani da kakin zuma

Ranar da na gama zanen wata ƙwarya da fentin ruwa irin na masu zane (watercolour), kwana uku ina kanta, yarinyata ta ɗauka da jiƙaƙƙen hannu shikenan furannin suka bi yatsunta, wallahi har ƙwalla na yi. Daga baya na gane dalili, abin da ke riƙe kalar fentin ruwa ƙaro ne, ƙaron dakwara ɗin nan dai da ake tsinka a Yobe da Borno da Chadi da Sudan, shi kuma ko shekara ya yi da bushewa ruwa na taɓa shi zai narke. Toh dan Allah kar wani ya ce miki ki jiƙa ƙaro ki shafa a kai don ya yi ƙyalli, zai yi ƙyallin amma fentin zai kwaɓe. Duk abin da za ki fara ɗorawa kar ya zama da ruwa a ciki.

Ki bari aikin ya bushe sosai tukuna, kwana ɗaya da rani, biyu in damina ce.

Ni kakin zuma na fi yarda da shi, wajen masu sayar da zuma ake samu. Ki kankare cokali 1 ki zuba a gwangwani tare da man kwakwa cokali 3, sai ki sa gwangwanin cikin tukunyar ruwan zafi, kar ki ɗora kai tsaye a wuta domin kaki na kamawa da wuta, kuma ba ya buƙatar zafi da yawa, wajen digiri 63 yake narkewa. Ki juya ki sauke, in ya huce zai zama kaman man shafawa. Ki lakato kaɗan da tsumma mai laushi ki dinga dangwalawa a hankali, banda gurzawa a karon farko, ki bar shi ya kwana, washegari ki goge da busasshen tsumma har ya fara sheƙi, sannan ki ƙara shafi na biyu. Man gyaɗa kam kar ki sa, yana daɗewa zai fara wari. In kuma takarda ce kaman katin biki, mai zai yi mata tabo, kakin zalla za ki goga sama-sama ki murje da tsumma.

Akwai kuma shalak, wani ɗanko ne da ƙwari ke fitarwa a jikin bishiyoyi a Indiya da Tailan, da shi ake folish ɗin kujeru. Giram 12 cikin sipirit mililita 100, ya kwana ya narke, ki tace ki fesa siriri sau biyu ko uku a waje mai iska nesa da wuta. Sipirit ba ya narkar da ƙaro shi ya sa zanen ke zama daram, sai dai yana ɗan sa fari ya koma ruwan ɗorawa, so ki fara gwadawa a sakaina.

In za ki sayar ki faɗa wa mai saye gaskiya, kakin yana tare yayyafi da gumin hannu ne kawai, ƙwaryar ta ado ce ba ta dama fura ba, ba a wanke ta, kuma kar a bar ta a mota cikin zafin Afrilu don kakin zai saki ya kwashi ƙura.